Gwaggo Ba Ta Fasa Tumatir

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Bunkure da Kura ya san Gwaggo, ko da bai san mai ita ba. Gwaggo mota ce, tsohuwar Fijo a-kori-kura ƙirar 404, haɗin Kaduna, wadda ta girmi yawancin direbobin da ke yi mata dariya a yau. Fentinta na asali shuɗi ne, amma rana da ruwan sama sun cinye shi har ya koma wata kala da ba ta da suna. A ƙyauren bayanta an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa", aka tsaya nan. In ka tambayi mai ita ina ragowar maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba, sai ya ce maka wannan ɓangaren bai shafe shi ba.

Mai ita shi ne Muntari na Gidan Jatau, wani dogon tsoho mai furfura a kumatu, wanda Allah bai ba shi bakin lallashi ba. A gidan Maguzawa aka haife shi, ya shiga coci yana saurayi, amma taurin kan kakanninsa bai bar shi a ƙofar coci ba, da shi ya shiga. Yana ɗan shekara goma sha shida ruwan Tiga ya biyo kanal ya ratsa gonakin geronsu. Sa'o'insa duk suka rungumi shinkafa da tumatir da albasa, shi kuwa ƙarar injuna ce ta tafi da hankalinsa. Ya tafi wani gareji a Kura ya yi shekara tara a ƙarƙashin motocin mutane, har ranar da ya ga Gwaggo a yashe bayan wani injin casar shinkafa, kaji na yin ƙwai a kujerarta. Da shanu aka jawo ta zuwa Gidan Jatau. Ya yi wata huɗu a kanta kafin ta yi tarin farko, kuma tun daga ranar ba ta ƙara kwana a hannun wani bakanike ba.

Sana'arsa ɗauko tumatir ce daga gonakin bakin kanal zuwa Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodi su yi Kudu. Wanda bai sani ba zai ce ai ɗaukar kaya ɗaukar kaya ce. Ba haka ba ne. Tumatir ba ya tsoron nisa, gargada yake tsoro, kuma hanyar da ke bin gefen kanal gargada ce tun daga farkonta har ƙarshenta. In mota ta yi ta jijjiga kwanduna, na ƙasa sai ya fashe, ruwansa ya tsiyaye. Shi ya sa gogaggen dillali ba ya fara duba saman kwando, inda manomi ya jera masu kyau don ido. Bari yake a sauke kaya, sannan ya leƙa daɓen motar. In ya ga jan ruwa kwance, ya san abin da ke ƙasan kwando, ko an rantse masa da me.

Sauran direbobi ƙara wa sifirin ɗin baya ganyen ƙarfe suke yi don mota ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta, sai ta sandare ta koma kamar amalanke. Muntari ya yi akasin haka. Ya zare ganye ɗaya, ya yanka tsohuwar robar taya siri-siri ya cusa tsakanin sauran, ya cika su da giris. Ya rage iskar tayoyin baya kaɗan. Ya shimfiɗa buhunan buntun shinkafa a daɓe, kwanduna su zauna a kan laushi. Kujerar gaba ma ya farke ta ya zubar da mataccen soson ciki, matarsa Dada ta cusa mata audugar rimi ta ɗinke.

Dada kuwa ita ce ma'auninsa. Duk ranar da ya taɓa sifirin ko ya sauya taya, sai ya cika wani kwanon sha da ruwa, saura yatsa ɗaya ya kai baki, ya ɗora mata a cinya, su bi hanyar kanal daga ƙofar gida zuwa babbar kwalbati su dawo. In zanenta ya jiƙe, aiki bai yi ba, sai ya koma ƙarƙashin mota. Shekara talatin da shida suna wannan abin, mutanen gari sun yi dariya har sun gaji sun bari. Dada ba ta taɓa yi masa ƙarya don ta faranta masa ba. Ko ɗigo ɗaya ne ya zuba sai ta nuna masa wurin da yatsa.

Akwai kuma maganar dara. Muntari na da wata tsohuwar jar dara da ya tsinta a gwanjo, ba don kansa ba, don Gwaggo. Duk fetur ɗin da zai shiga tankinta sai ya bi ta cikin hular nan, domin ulun dara yana barin mai ya wuce, ya riƙe ruwa da datti. A wannan yanki kuwa dole mutum ya yi hattara, saboda jarkar da manomi ke sayo wa injin ban ruwa fetur, da ita yake ɗebo ruwan kanal ya ɗura wa injin kafin ya tayar da shi. Kafireto, wato inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, ba abin da ya tsana kamar ruwa. Muntari kan ce kafireto dattijo ne, in ka ɓata masa rai zai gaya maka abin da ka yi masa, ba kamar motocin yanzu ba da sai an kira mai kwamfuta ya tambaye su.

A ranin bana ne aka tasar masa. Direbobin da ke lodi a gonakin yankin suna da 'yar ƙungiya mai tsara layi, wa zai ɗauki kayan wa, kuma yaushe. Wanda ba ya cikin layi ba ya samun ko kwando ɗaya. Shugabansu Alhaji Sammani, mutum ne mai son a ga an ci gaba, ya tara su a ƙarƙashin mangwaron da suke zama, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba Muntari, ba raini ba ne. Hanyar kanal ɗin nan ba ta ɗaukar mota biyu. In Gwaggo ta shiga gaba, kowa ya bi ta a baya kamar masu rakiyar gawa. Mun yanke shawara daga wannan makon ta huta."

"Ta gaya maka ta gaji?" in ji Muntari.

Wani direba mai suna Abdulsamad, wanda bai daɗe da samun 'yar sabuwar motar ɗaukar kaya fara fat ba, ya ce, "Baba, ai karen bana shi ke maganin zomon bana."

"To tumatirin bana fa? Fatar ƙarfe ya yi?"

Aka kwashe da dariya, amma Muntari bai yi ba. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai, don ya san inda maganar za ta ƙare. Motar da ba ta lodi, ba mai barin ta ta tsaya a ƙofar gida. Babban ɗansa Sunday, mai tuƙa keke Napep a Kura, ya fi shekara biyu yana roƙonsa ya rabu da ita ya zauna ya huta. Iliyasu mai gwangwan kuma, wanda ke sayen matattun motoci ya daddatsa su, kullum ya wuce Gidan Jatau sai ya rage gudu ya gai da Gwaggo da ido.

Muntari ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ciyaman, gani ya kori ji. Gobe Hammadu zai tsinke gonarsa. A raba kwandunan biyu, rabi a motar yaron nan, rabi a Gwaggo. In ban isa Kwanar Gafan kafin a kira azahar ba, ko aka ga ɗigon ruwan tumatir a daɓena, ba sai kun cire ni ba. Da hannuna zan miƙa wa Iliyasu makulli. In kuwa na isa da busasshen daɓe, kada in ƙara jin bakin kowa."

Sammani ya yarda nan take, don a ganinsa tsohon ya sauƙaƙa masa aiki.

Da ya koma gida ya gaya wa Dada, ba ta ce ya kyauta ba, ba ta ce ya yi wauta ba. Ta dube shi ta ce, "Maigida, wato ka sa ta a caca." Sannan ta tashi ta ɗauko kwanon ta wanke.

Washegari da hantsi aka gama lodi a gonar Hammadu. Jama'a sun taru kamar ana rabon taki. Dada ta zauna a gaba da kwanonta cike da ruwan rijiyar gida. Muntari ya duba ya ga man da ke tanki ba zai kai shi da kwanciyar hankali ba, Hammadu ya miƙo masa jarkar injinsa ya ce ya ƙara. Ya zaro jar dara daga bayan kujera ke nan, sai Abdulsamad ya leƙo ta tagar motarsa.

"Jama'a ku zo ku gani! Har mai ma sai an tace mata kamar kamun koko. Baba, in ka gama dama mata, ka same ni a can, zan ajiye maka shayi."

Ya ba ta wuta ya bar su da dariya. A nan zuciya ta ɗebi Muntari. Mutumin da ya yi shekara talatin da shida bai taɓa ɗura mai ba tacewa ba, ya cusa dara a aljihu, ya kafa jarka a bakin tanki ya juye ta tas har ɗigon ƙarshe. Dada ta gani ta madubi, ta buɗe baki, ta mayar ta rufe, don ba a gaban mutane take gyara masa ba.

Sun wuce babbar kwalbati, sun shiga doguwar hanyar da ba ta da ko bishiya ɗaya, sai Gwaggo ta yi tari. Ta sake yi. Ta ja kamar za ta tafi, ta yi atishawa ta salansa, ta mutu a tsakiyar hanya, kanal a dama, fadamar shinkafa a hagu. Muntari bai murɗa makulli sau biyu ba ya gane. Ya dafa sitiyari, kunya ta rufe shi, don ya san motar ba ta yi masa laifi ba, shi ya yi mata.

"Ruwa ne," ya ce.

"Na sani," in ji Dada. "Sauri ya haifi nawa."

Ya fito ya shiga ƙarƙashinta da sifana. Ruwa ya fi fetur nauyi, gindin tanki yake kwanciya, don haka sai an kwance noti an tsiyaye. Ya nemi abin tara, ya ce ta miƙo masa kwanon.

"Wannan? Wannan shaida ce. Nemi wani abin."

Ya ɓalle murfin taya ya tara da shi, yana zubarwa har sai da jan mai zalla ya fara fitowa. Dada ta sauko a hankali ta ajiye kwanonta a inuwar mota. Rana ta fara dukan kwanduna, kuma tumatirin da ya sha rana ko ba gargada sai ya saki jiki. Ta cire mayafinta ta tsoma a kanal ta shimfiɗa a kan kayan, ta yi ta cizgo ɗanyar ciyawa tana jiƙawa tana lulluɓe sauran.

Shi kuma ya ɗaga bonet ya buɗe kan kafireto, ya zubar da abin da ke cikin ɗan kwanon da mai ke taruwa a cikinsa, ya kama bututun mai da baki ya zuƙa ya tofar, ya zuƙa ya tofar, har idanunsa suka yi ja. Saura jet, wani ɗan ƙarfen tagulla da bai fi ƙwayar wake ba, mai ƙaramar kafa da mai ke bi. Ya kwance shi lafiya. Ya ɗago shi zai kai baki ya hura, sai hannunsa ya yi rawa. Ba yau ya fara ba, ya kai wata shida yana ɓoye wannan rawar, ya daina shan koko a gaban mutane saboda ita. Jet ya suɓuce, ya daki ƙarfen inji, ya faɗa ƙasa.

Muntari ya durƙusa yana lalube cikin turɓaya. Idonsa ba ya ganin komai sai tsakuwa, duk iri ɗaya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don irin wannan jet ɗin sai an je Kano an yi yini ana nema a wurin masu tsofaffin kaya.

Ana cikin haka keken Sunday ya iso, ashe tun daga gona yake bin su daga nesa. Ya tsaya ya ga ubansa a durƙushe, gwiwoyi cikin ƙasa, gemu na warin fetur.

"Baba, don Allah ya isa haka. Bari in kira 'yan uwana masu keke mu kwashe kayan nan. Tumatirin Hammadu ne fa, ba namu ba. Mutumin nan raninsa ke nan gaba ɗaya."

Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Muntari ya ɗago kai. "Hammadu Gwaggo ya ba wa kayansa, ita za ta kai. In ka zo taimako, tsaya can ka jira turi. In ka zo ta'aziyya, ba a yi rasuwa ba tukuna."

Dada ta ce masa ya matsa. Ta tsuguna, ta ɗebo turɓayar wurin a tafin hannu tana bazawa da yatsa, yadda take tsince tsakuwa a shinkafa tun tana yarinya. A ɗiba ta huɗu ta ɗago ɗan tagullar, ta goge shi da bakin zane. Ba ta miƙa masa ba. Ta kai bakinta ta hura da kanta, ta ɗaga shi sama ta ga haske ta kafar, sannan ta sa shi a mazauninsa ta riƙe da yatsu biyu.

"Ɗaura," ta ce.

Ya ɗaura, hannunta na tallafe da nasa. Ragowar man da ya tara mai kyau ya mayar tanki, wannan karon ta cikin dara. Ya nemi ya kurkure baki da ruwan kwano, ta nuna masa kanal.

Batir ya yi sanyi, sai da Sunday ya sa kafaɗa ya tura. Gwaggo ta yi tari biyu, ta uku ta kama, ƙararta ta daidaita kamar ba ita ba. Inuwa ta riga ta dawo ƙarƙashin ƙafa, azahar ta kusa. Ƙafar Muntari ta so ta danna totur, amma ya saci kallon cinyar Dada ya ga ruwan kwano ya fara kaɗawa, sai ya ɗaga. Ya koma tafiyarsa ta kullum. Ya san ramukan hanyar nan kamar ɗakunan gidansa, ya san inda ake hawa gefe da taya ɗaya, ya san inda ake sakin birki a bar mota ta sauka da kanta. Masu babura suna wuce su suna ihu, ko a jikinsa.

Da suka shigo Kwanar Gafan ladan bai kira ba, amma mutane sun fara neman butoci. Abdulsamad ya fi awa biyu da isowa, an sauke kayansa, sai dai ba ya cikin masu dariya. Daɓen farar motarsa ya yi ja, ƙudaje sun taru, dillalai kuma sun ware kwanduna biyar da suka lalace gefe guda. Iliyasu mai gwangwan na tsaye kusa, ya zo da igiyar ja.

Aka sauke kwandunan Gwaggo ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon dillali ya hau, ya ɗaga buhunan buntu ya jujjuya su, ya shafa daɓen da tafin hannu, ya ɗaga hannun sama kowa ya gani. Ƙura ce kawai a jiki. Ya zura hannu har gindin kwando ya zaro tumatir ɗaya, ya murza shi, ya jefa wa Hammadu.

Sai a lokacin Dada ta buɗe ƙofa ta sauko, kwano a hannu biyu. Ta ratsa maza ta tsaya gaban Sammani, ta ɗan rusuna.

"Alhaji, na ga kana neman buta. Ga ruwan alwala, na rijiyarmu ne, mai tsabta. Tun daga gonar Hammadu na riƙo maka shi a cinya. Duba zanena in ka ga ya jiƙe."

Sammani ya dubi kwanon, ruwa na nan saura yatsa ɗaya ya kai baki. Ya dubi zanen. Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Inna." Ya juya wajen Muntari. "Baba, gobe gonar Muhammadu Sani. Kai ne farko a layi."

"Dama ni ne," in ji Muntari.

Ya bi ta gaban Iliyasu ya ce masa ya adana igiyarsa, za ta yi amfani wajen ɗaure akuya.

A hanyar komawa ba kaya, ba kwano, Gwaggo na tafe tana rausaya a gefen kanal. Sun yi nisa. Can Dada ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Maigida, na ga hannunka. Tun kaka nake gani."

Muntari ya ƙara damƙe sitiyari.

"Tumatir bai gani ba," ya ce.

"Bai gani ba," ta amsa. "Gobe da wane lokaci za mu fita?"

Ya ce da sassafe, kuma ta taho da kwanon. Ya sauya giya, ya kauce wa ramin da ke gaban kwalbati.